Zancen Wasa Ƙwaƙwalwa Da Hisabi, Da Hatimin Malamin Katsina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba ɗan Adam hankali ya fifita shi da shi bisa dabbobi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da gardawa da fatake da masu kantuna, zancenmu na wannan mako a kan wata al'ada ce wadda malamanmu suka riƙe, mu kuwa muna neman sakinta, ita ce jefa wa juna tambaya mai ƙulli bayan an idar da karatun dare, ko a rumfar kasuwa sa'ad da ciniki ya lafa. Hausawa suna ce da ita wasa ƙwaƙwalwa, Larabawa su ce lugzu. Ba ka-cici-ka-cici na yara na ke nufi ba, wanda amsarsa haddacewa a ke yi. Ina nufin tambayar da sai an zauna an auna, an ƙirga, an bi ta daki daki kafin ta warwaru.

A wannan hayi namu na kudancin kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, ciniki ya kafu sosai tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu masaƙu kuma suka biyo bayanta. Kuɗin wancan zamani fam ne da sule da kwabo, sule 20 fam guda, kwabo 12 sule guda. Duk da wannan rikici, in ka ce wa mai sayar da yadi ya yanko maka yadi 7 a kan sule 3 da sisi, kafin ya ajiye almakashi ya gaya maka fam 1 da sule 4 da sisi, ba alƙalami ba takarda. A 1973 naira ta zo, lissafi ya koma goma goma, ya yi sauƙi ƙwarai. Amma abin mamaki, yau ga yaron kanti ba ya iya haɗa 350 da 450 sai ya zaro waya daga aljihu. Ba na zargin waya, kayan aiki ce kamar ma'auni. Abin da na ke jin tsoro shi ne ita waya ba ta sanin abin da ya kamata a haɗa da abin da ya kamata a ɗebe, abin da aka danna mata kaɗai ta ke bayarwa.

Na san akwai masu cewa irin waɗannan tambayoyi lagawu ne, ɓata lokaci ne, bai dace da almajiri ba. To, su duba Sahihul Buhari, hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda misalinta kamar Musulmi ne. Hankalin mutane ya tafi ga itatuwan daji. Ɗan Umar ya gane dabino ne, amma kunya ta hana shi magana domin ga manya zaune, da ya gaya wa mahaifinsa daga baya sai Sayyidina Umar ya nuna da ya faɗa da ya fi so. Imamu Buhari ya kawo wannan hadisi a babin da ya ƙulla a kan shugaba ya jefa wa mutanensa mas'ala don ya gwada saninsu. Gaskiya ne Imamu Malik ya ƙi yawan tambaya a kan abin da bai auku ba, gaskiya ne kuma malamai sun hana tambayar da a ke yi don a kunyata malami gaban almajiransa. Amma wannan daban, tambayar da malami ya ke wasa hankalin ɗalibi da ita kamar yadda a ke wasa wuƙa a dutse, ita ma daban. Ibnu Farhun, alƙalin Madina, Bamalike ne kamar mu, ya rasu 1397, ya wallafa littafi sukutum na irin waɗannan mas'aloli, ya jera su bisa babobin fiƙihu, sunansa Durratul Gawwasi (kada a rikita shi da littafin Hariri mai kama da wannan suna, wancan na gyaran lugga ne).

Shi kansa Hariri, wanda ya rasu 1122, duk wanda ya karanta Muƙama a zaure ya wuce ta kan lugzunsa a muƙama ta 15, wadda a ke kira Faraliyya. Mutum ya mutu ya bar ɗan'uwansa shaƙiƙi, Musulmi, ɗa ba bawa ba, ya bar matarsa, matar kuma tana da ɗan'uwa. Aka ba matar rabonta, ɗan'uwanta ya kwashe sauran dukiya duka, shaƙiƙin mamaci bai sami ko anini ba, kuma hukuncin daidai ne. Yaya aka yi? Mamacin ya aurar wa ɗansa na wata mata da uwar matarsa, ɗan ya rasu ya bar ɗa namiji. Wannan yaro ɗan'uwan matar ne ta wajen uwa, jikan mamaci ne kuma ta wajen ɗa, jika ta wajen ɗa kuwa yana katange shaƙiƙi. Matar ta ɗauki sumuni, yaro ya ɗauki saura. Ɗalibin da ya sha wuya kafin ya gano wannan ba ya sake manta wa ke katange wa.

Akwai waɗanda ba su bukatar ilmin littafi ko kaɗan. Tun da kogi na kusa da mu, ga ta mai kwalekwale. Mutum ya zo bakin ruwa da kura da akuya da damin harawa, jirginsa kuwa ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, kura ta ci akuya, in ya bar akuya da harawa, akuya ta ci harawa. (Kada wani ya tambaye ni me ya haɗa mutum da kura a jirgi ɗaya, haka muka same ta.) Kowa yana gane cewa akuya za a fara ƙetarwa. Inda a ke makalewa shi ne bayan nan, domin hankali ba ya son a komo da abin da aka riga aka ƙetar. Ga shi kuwa mafita ke nan: ya kai kura, ya komo da akuya, ya ajiye ta ya kai harawa, sa'an nan ya dawo ya ɗauki akuya, ƙetarawa 7 ke nan. Wannan tambaya ta zaga duniya. Tana cikin wani littafi da a ke danganta wa Alkuwin, malamin Ingila wanda ya rasu 804, sai dai a can kyarkeci ne da akuya da kabeji.

Ga ta 'yan kasuwa. Wani ya zo kanti ya sayi sabulu na naira 700, ya miƙa takardar naira 1,000. Mai kanti ba shi da canji, ya kai wa maƙwabcinsa ya canjo ta, ya ba mai saye 300, ya yi gaba. Can sai maƙwabci ya dawo ya ce takardar nan jabu ce, mai kanti ya biya shi 1,000 mai kyau. Nawa ya yi asara? A jefa wannan a rumfa a ji gardama, wani ya ce 2,000, wani 1,700, wani 1,300. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar bin takardar, a dubi mutanen. Maƙwabci ya ba da 1,000 ya karɓi 1,000, bai ci ba bai rasa ba. Macuci ya tafi da sabulun 700 da kuɗi 300. Abin da macuci ya tafi da shi, shi ne abin da mai kanti ya rasa, watau 1,000. In kuwa ya saro sabulun a 600 ne, to 900 ta fita daga uwar kuɗi, 100 riba ce ta kuɓuce.

Yanzu ga wadda na fi so mu tsaya a kanta, domin daga ita a ke shiga abin da ya shafi haƙƙin mutane. Mutum uku sun yi tarayya a raƙuma 17, na farko yana da rabi, na biyu sulusi, na uku tusu'i, watau ɗaya bisa tara. Suka rasa yadda za su raba ba tare da an yanka raƙumi ba. Wani mai hikima ya kawo nasa ya haɗa, suka zama 18. Ya ba na farko 9, na biyu 6, na uku 2, jimla 17, ya ja nasa ya tafi. Masu ba da labari suna jingina ta ga Sayyidina Ali, Allah ya yarda da shi, amma hikaya ce, ba a kafa hukunci da ita. Wasu kuma suna ba da ita a kan uba da 'ya'yansa uku, wannan ɓata ta ne, zama 'ya'ya maza daidai su ke cin gado, kuma tusu'i ba ya cikin rabo shida da Alƙur'ani ya yanka, su ne rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi.

To, ina sirrin raƙumin aro? Babu sirri. Rabi da sulusi da tusu'i in an haɗa su ba su cika guda ba, 17 ne bisa 18. Ashe tun farko akwai wani yanki na dukiyar wanda ba shi da mai shi. Rabin 17 shi ne 8 da rabi, amma mai rabi ya sami 9. Sulusin 17 shi ne 5 da sulusi biyu, ya sami 6. Mai tusu'i bai cika 2 ba, ya sami 2. Kowa ya tafi da fiye da abin da aka ambata masa, kowa kuma gwargwadon rabonsa, shi ya sa babu wanda ya yi ƙara. Wannan shi ne ainihin abin da malaman gado su ke kira raddi, watau mayar da saura ga masu rabo. Mace ta mutu ta bar uwa da 'ya ɗaya, ba asaba: uwa sudusi, 'ya rabi, 4 ke nan bisa 6, saura 2. Mashahurin zance a mazhabarmu shi ne saura ya tafi baitulmali, amma malamai na baya sun yi fatawa da raddi in babu baitulmali tsayayye, sai a raba dukiyar 4, uwa 1, 'ya 3.

Kishiyar raddi shi ne auli, inda rabo ya fi dukiyar yawa, an kuwa fara hukunci da shi zamanin Sayyidina Umar. Mafi shahara a cikinsa ita ce Mimbariyya, an kira ta haka domin an ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Ali ita yana bisa mimbari a Kufa, ya amsa nan take ya ci gaba da huɗuba. Mutum ya mutu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa. Asalin mas'ala 24: mata sumuni 3, 'ya'ya sulusi biyu 16, uba sudusi 4, uwa sudusi 4. A haɗa, 27. Sai a raba dukiyar 27 maimakon 24, ragin ya shiga kan kowa daidai gwargwado. Rabon mata ya zama 3 bisa 27, sumuninta ya koma tusu'i ke nan.

Ku duba abin da ke faruwa in aka miƙa wannan ga wanda ya dogara da na'urar lissafi bai san auli ba. A ce an bar naira 2,700,000 bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya. Ya danna sulusi biyu, ya ba 'ya'ya 1,800,000. Ya danna sudusi, ya ba uba 450,000, uwa 450,000. Kuɗi ya ƙare kaf. Ga mata zaune cikin takaba, sumuninta 337,500 babu inda zai fito. Ita ce kuma mafi rauni a wurin, ba lalle ta iya buɗe baki gaban surukai ba. Na'ura ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, duk abin da ta bayar daidai ne, amma an ci haƙƙi. Rabon gaskiya shi ne kashi 27, kowane kashi 100,000: mata 300,000, kowace 'ya 800,000, uba 400,000, uwa 400,000. Babin gado yana nan a Risala da Muhtasar, ana biya shi kullum a zaurukanmu, amma biya nassi daban ne da iya raba naira. Ba banza ba ne Huwarizmi, malamin Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, da ya wallafa littafinsa na Aljabru wajen 820, ya cika kusan rabinsa da mas'alolin wasiyya da gado. Daga sunan littafin nan Turawa suka sami aljebra da a ke koyarwa a makarantun boko.

Sai hatimi. A nan ina roƙon 'yan'uwana malamai su yi mini haƙuri. Kowa ya san musallasi, mai gida 9, wanda a ke jingina wa Gazali:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ta kowace fuska ka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. A kusurwoyinsa huɗu akwai 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba da dal da wau da ha a lissafin abajada, daga nan sunan Buduhu ya fito. Mutanen Sin sun san shi tun da daɗewa, Ihwanus Safa na Basra sun zana shi da wasu manyansa a ƙarni na 10, Buni mai Shamsul Ma'arifi ya haɗa shi da haruffa da sunaye. Amma me ya sa 15? Domin 1 zuwa 9 in an haɗa 45 ne, saɗara 3 ce, kowace ta ɗauki sulusi. Me ya sa 5 a tsakiya? Layi 4 ne su ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Layukan nan sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kaɗai suka taɓa sau 4. A ɗebe 45 daga 60, saura 15, shi ne na tsakiya sau 3, watau 5. Ba yadda za a yi wani adadi ya zauna nan. Ƙa'idar da a ke ɓoye wa almajiri kuwa, ta ɗebe 12 a raba 3, ga dalilinta: in kana son musallasi ya ba da 66, adadin sunan Allah, 66 a ɗebe 12 saura 54, sulusinta 18, ka fara da 18 ka ƙare da 26. Haka za ta yi maka da 99, haka da 300, haka da kuɗin buhun masara in dai 3 ta raba shi. Abin da na ke gani shi ne adadi ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, Allah kaɗai ke yi. Abin da ke cikin hatimi na mamaki hisabi ne, hisabin nan kuwa ya cancanci a koyar da shi a fili, a bayan allo, ga kowane yaro.

A wannan fanni ƙasarmu tana da gwani wanda Misira ta san da zamansa, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashnawi, watau Bakatsine. Ya yi karatu wurin malaman ƙasashen nan namu, ya yi hajji 1730, sa'an nan ya zauna Alƙahira. A 1732 ya gama littafinsa Bahjatul Afaƙi a kan ilmin haruffa da aufaƙu, inda ya shimfiɗa hanyoyin cika hatimi mai adadin wuturi, watau mara, irin mai saɗara 3 da 5 da 7. Ya rasu 1741 a gidan Shaihu Hasan Jabarti, ɗan Shaihun kuma, Abdurrahman Jabarti mai tarihin Misira, ya rubuta labarinsa cikin manyan malamai. Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kansa a 1967, wata malama Ba'amurkiya, Kalaudiya Zaslabski, ta sa shi a littafinta na lissafin mutanen Afirka a 1973, har yara a makarantun Amurka suka san hatiminsa. Ban ɓoye muku ba, littafinsa ya haɗa hisabi da zancen asirai bisa al'adar zamaninsa. Amma abin da masana lissafi suka ɗauka a wurinsa hanyoyin nan ne, mu kuwa da yawanmu ko sunansa ba mu ji ba. Allah ya ji ƙansa.

Ga hanya ɗaya mai sauƙi ta cika muhammasi, mai gida 25, wanda kowane layinsa ke ba da 65. Turawa suna jingina ta ga wani jakadan Faransa, La Luber, wanda ya buga ta 1691 bayan ya komo daga ƙasar Siyam. Ka sa 1 a tsakiyar saɗarar sama. Kowane adadi na gaba ka hau da shi gida ɗaya sama, gida ɗaya dama, a karkace. In ka fita ta sama ka shigo ta ƙasa, in ka fita ta dama ka shigo ta hagu, kamar an naɗe allon bakinsa ya haɗu da baki. In ka tarar gidan da mai shi, ka sauko ƙarƙashin adadin da ka rubuta yanzu, ka ci gaba. Ga abin da zai fito:

17 24 1 8 15
23 5 7 14 16
4 6 13 20 22
10 12 19 21 3
11 18 25 2 9

Wanda hannunsa ya saba da rubutunmu, in ya ga dama ya bi hagu maimakon dama, duka ɗaya ne. Hanyar tana aiki ga mai saɗara 7 da 9 da duk wani wuturi, amma ba ta aiki ga shafa'i. Musallasi iri ɗaya ne tak, sauran juya shi ne kawai a ke yi. Murabba'i, wanda layinsa ke ba da 34, iri 880 ne, wani Bafaranshe mai suna Firenikil ya ƙirga su da hannu, aka buga bayan rasuwarsa a 1693. Muhammasi kuwa sai da kwamfuta ta zo, a 1973 aka ƙirga su a Amurka aka sami 275,305,224. Daga 1 zuwa 880 zuwa wannan, saɗara ɗaya ɗaya kaɗai aka ƙara.

Shawarata ga masu makarantun allo ita ce daren Alhamis, tun da ba karatu, a jefa wa ƙolawa da titibirai tambaya ɗaya, a hana gardi faɗar amsa sai gari ya waye, kuma wanda ya kawo amsa a ce ya kawo dalili. Ga ta farko, ita ce kuma ta masu karatu. Abokan ciniki biyu suna da garwa cike da man gyaɗa, kwalba 8. Suna da galan mai cin kwalba 5 da wani mai cin kwalba 3, duka biyu babu kome ciki, babu alamar awo a jikinsu, babu kuma kwalba a kusa. Suna son su raba 4 da 4. Juyi 7 ya isa. Wanda ya warware ya aiko ta hannun Edita, ya rubuta juyin ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya rage a kowane mazubi bayan kowane juyi, amsa za ta fito mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalamu.